Ribar Haƙuri a Bakin Teku: Darasi Daga Gaɓar Filimat

A shekarar 1931 wani masanin halittun ruwa ɗan Ingila, Alister Hardy, ya fara ɗaura wata na'ura a bayan jiragen ruwan 'yan kasuwa. Jirgi na tafiya, ruwa na ratsa na'urar, wani ƙyallen siliki da ke naɗewa a hankali yana tace ƙananan halittun da ke shawagi a cikinsa, waɗanda masana ke kira filanktan. Ban da shekarun Yaƙin Duniya na Biyu, aikin bai tsaya ba har yau. Amma a ƙarshen shekarun 1980 hukumar da ke ba shi kuɗi ta janye hannunta, bisa ganin cewa ƙidayar abu guda shekara da shekaru ba bincike ba ne mai kawo sabon ilimi. Sai da aka kafa gidauniya ta musamman a 1990 kafin aikin ya tsira.

Tarihi ya nuna hukumar ta yi kuskure, kuma irin kuskuren da gwamnatoci ke maimaitawa ne. Filanktan su ne tushen abincin teku. Masu kama da tsiro a cikinsu suna samar da kusan rabin iskar oksijin da tsirran duniya ke fitarwa, kuma cokalin shayi ɗaya na ruwan gaɓa yana iya ɗauke da miliyoyin ƙwayoyin bakteriya. Wannan al'umma ba ta zama yadda take ko na mako biyu.

A wani wuri da ake kira L4, kilomita kaɗan daga birnin Filimat a kudu maso yammacin Ingila, ana ɗibar ruwa kowane mako tun 1988. Abin da aka gani yana da tsari kamar na gona. Da hunturu guguwa tana gauraya ruwa, tana ɗago sinadaran da ke ƙasa zuwa sama, sai dai hasken rana ya yi kaɗan. Da bazara ta shigo, yini ya tsawaita, sai wasu halittu masu ɓawo kamar gilashi, dayatom, su yi ambaliya cikin 'yan makonni. Idan sun cinye sinadaran sai su mutu, wasu nau'o'in su gaje su, bakteriya masu cin ragowarsu kuma su yawaita. Wani nazari da aka wallafa a 2012, bayan bin bakteriyar wurin na shekara shida, ya gano cewa nau'o'insu sun fi yawa da hunturu, kuma tsawon yini ne ya fi komai bayyana wannan juyi.

Wanda ya ɗebi ruwa a watan Afrilu, ya sake ɗiba a Agusta, zai rantse tekun ta lalace, alhali zagayen shekara ne kawai. Sai wanda ya san yadda shekara talatin suka gudana ne zai iya bambance juyin da ke dawowa da sauyin da ba ya komawa.

Irin wannan sauyi na biyu ne na'urar Hardy ta kama a Tekun Arewa, a daidai shekarun da ake shirin binne ta. Ruwan ya ɗumama, sai wata ƙaramar halitta mai son sanyi, mai siffar jatan lande, ta ja baya zuwa arewa, 'yar'uwarta mai son ɗumi ta maye gurbinta. Sabuwar ba ta kai ta farko kitse ba, kuma ba ta yawaita a lokacin da 'ya'yan kifin kod ke ƙyanƙyashewa. Kifin da kamun wuce kima ya riga ya raunana sai ya ƙara fuskantar yunwa tun yana ƙarami.

Masu riƙe da baitulmali suna da hujjarsu: kuɗi kaɗan ne, buƙatu da yawa, kuma ba a yanke kintinkiri a kan kwalbar ruwan teku. Sai dai asibitin da ba a gina bana ba ana iya gina shi baɗi, amma ruwan watan Yulin bana, in ba a ɗebe shi ba, ya tafi ke nan har abada.

Batun bai yi nisa da tukunyar Bahaushe ba. Kifin Titus da ake saye da ƙanƙara a kasuwannin Kano da Kaduna yawancinsa daga arewacin Tekun Atilantika yake zuwa, kuma waɗannan halittu ne abincinsa. A gaɓar Ghana, ruwan sanyi mai tasowa daga ƙasa tsakanin Yuli da Satumba shi ne ke ciyar da filanktan, su kuma su ciyar da kifin sadin da ake ƙyafewa a kai har kasuwannin Kumasi da Tamale. Najeriya tana da gaɓa mai tsawon kilomita kusan 850 da cibiyar binciken teku a Legas tun 1975. Abin da ya kamata a tabbatar mata shi ne kasafin da ba ya yankewa: ƙaramin jirgi, ma'aikata kaɗan, wuri ɗaya, rana ɗaya a kowane mako, da alkawarin cewa sauyin minista ba zai katse ƙidayar ba. Mutanen Filimat ba su fi kowa basira ba. Sun dai ƙi fasa fita ko da mako guda idan teku ta ba da hali.