Kafin ka sayi gajeriyar sandar giya, duba bushin motarka

Idan kana bibiyar bidiyoyin motoci a TikTok ko YouTube, ka taɓa ganin direba ya ɗan motsa hannu, giya ta shige nan take kamar an danna maɓalli. Sirrin shi ne wata sandar giya da ake sayowa daban a sa a madadin ta kamfani, wadda masu sayarwa ke kira shot shifta. Ba sabon abu ba ne. Kamfanin Hurst na Amurka ya yi suna da sandunan giya tun shekarun 1960, har motar Pontiac GTO ta riƙa fitowa da sandarsa daga masana'anta.

Ni dai a ganina, mai tsohuwar Golf, Civic ko Corolla ba nan ya kamata ya fara kai kuɗinsa ba.

Aikina rubuta manhaja ne, shi ya sa nake kallon abin kamar sauya lanca a wayar Android. Gumaka za su yi kyau, shafuka su riƙa zamewa da santsi, amma furosesa da RAM suna nan yadda suke. Ita ma sandar ba ta taɓa komai a cikin giyabos ba, kuma ba ta ƙara wa inji ƙarfi.

Abin da take yi lissafi ne mai sauƙi. Sandar giya tana juyawa a kan wata gaɓa. Shot shifta tana ƙara tsawon ɓangaren da ke ƙasan gaɓar, sai hannunka ya yi gajeriyar tafiya, ƙasan kuma ya kai inda ya saba kaiwa. Amma abin da ka rage a nisa za ka biya shi da ƙarfi: idan tafiyar hannu ta ragu da kashi 30 cikin 100, ƙarfin turawa zai ƙaru da kusan kashi 40. A filin tsere babu laifi. A cunkoson yamma kuwa, kana ta kai-komo tsakanin lamba ɗaya da lamba biyu, kafaɗarka za ta gaya maka.

Sannan a cikin giyabos akwai wasu zobba da ke daidaita gudun haƙora kafin su haɗu, kuma suna buƙatar ɗan lokaci. Gajeriyar sanda tana ruɗar mutum ya riƙa fizgar giya, a motar da ta kwana biyu kuwa zobban sun riga sun cinye. Gurzar da kake ji in za ka sa lamba biyu ƙaruwa za ta yi.

Yawancin sandunan da ke lilo a hannu bushinsu ne ya mutu, wato ƙananan robobin da ke gaɓoɓin haɗin giya, waɗanda zafi da ƙura da shekaru ke cinyewa. Kashe mota, ka sa lamba uku, ka girgiza sandar hagu da dama. In tana yawo sosai, bakanike ya sauya robobin tukuna, kuɗinsu bai kama ƙafar na shot shifta ba.

In duk da haka kana so, sayi wadda aka yi wa motarka da irin giyabos ɗinta. Golf 3 kaɗai akwai mai haɗin sandunan ƙarfe, akwai mai kebul. Ka lura da makullin ribas: a Golf sai ka danna sandar ƙasa, a Opel da yawa sai ka ɗaga zoben da ke ƙarƙashin kan giya. Kan giya mai arha da ake cewa yana shiga kowace mota yakan hana wannan zobe aiki. Kada kuma ka yarda mai walda ya yanke ta kamfani ya ce ya gajarta maka.

Wajen sawa, mota ta kasance a firi, birkin hannu a ja, ka ɗauki hoton kowane mataki da wayarka kafin a kwance. Bayan an ɗaure, inji a kashe, taka kuloci ka bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya har ribas. Idan ɗaya ta ƙi shiga sai da dole, a sake saita haɗin kafin motar ta bar gareji.