Wa Ya Yanke Wa Ƙoda Shekaru?

A zaman makokin wani dattijo a Tudun Wada makon jiya na ji maganar da ta hana ni barci. Wani mai faɗa a ji a dangin ya ce gara da ba a yi masa dashen ƙoda ba, "da an ɓata ƙodar yaro a jikin tsoho." Kowa ya gyaɗa kai. Mamacin bai wuce shekara 63 ba. Ƙanwarsa, mai 57, ta ce a ɗauki tata, dangi suka ce tata ta tsufa, ko gwaji ba a kai ta ba.

Wannan jahilci ne, kuma yana kashe mutane. Tun 1999 ƙasashen Turai da ke cikin Eurotransplant suka ware tsarin ba ɗan shekara 65 zuwa sama ƙodar tsaransa. A shekarar ce kuma wani babban bincike a Amurka ya nuna cewa masu shekara 60 zuwa 74 da aka yi wa dashe sun fi waɗanda suka zauna kan wankin ƙoda suna jiran layi tsawon rai. Ƙodar dattijo ba ta kai ta saurayi ƙarko ba, na sani. To dattijo shekara talatin yake nema a jikinta? Likita yana duba hawan jini, suga, ƙarfin zuciya da aikin ƙodar ne kafin ya ce e ko a'a. Dangi su ne suka tsaya kan takardar haihuwa.

Za a ce tsoho ba ya jure tiyata da maganin danne garkuwar jiki. Wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako fa, shi yake jurewa? Ku tambayi wanda ya taɓa ɗauko mahaifinsa daga Doguwa da asuba, ya ratsa dajin Falgore zuwa Kano, ya dawo da shi da daddare jiki ba ƙwari.

Wannan kwaɗayin "ƙodar yaro" shi ke sa ido ya koma kan ɗan talaka. Shi ya kai Sanata Ike Ekweremadu gidan yari a Ingila a 2023, a kan ƙodar wani matashi mai talla a titin Legas. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta haramta cinikin sassan jiki, amma muddin muna raina ƙodar yaya da ƙanwa, dillalai ba za su rasa kasuwa ba.

Kuma ni abin da ya fi ci mini rai, Asibitin Malam Aminu Kano yana dashen ƙoda tun 2002. Shekara ashirin da ɗoriya ke nan, amma labarin bai iso Kiru da Bebeji yadda ya kamata ba. Ruwan Tiga ya san hanyar birni, masararmu ma ta san ta. Masu neman ƙuri'a sun san hanyar Doguwa. Likitan ƙoda da zai zauna da dangi ya ce musu a gwada ƙanwar nan, shi ne har yau muke jira daga Kano.