Kicin ma ɗaki ne

Shiga yawancin sabbin gidajen Kano ko Kaduna, za ka tarar an zuba dukiya a falo, kicin kuwa an tura shi can ƙurya da 'yar taga kusa da silin. Tayil fari, fenti fari, ga farin ƙwan lantarki mai kashe ido, sai ka ce ɗakin tiyata. A nan uwargida ke yini, ba mai marmarin shiga ya taya ta hira. Wannan rashin adalci ne, kuma gyaransa ba ya cin kuɗi da yawa. A sauya ƙwan da mai haske ruwan ɗorawa, irin wanda aka rubuta 2700K a kwalinsa. Nan take launin miya da na fuska za su dawo. Mai sabon gini ya faɗaɗa taga, turiri ya samu hanya, musamman a zafin Afrilu. Iyayenmu mata sun san darajar jere: akushi, ƙwarya mai zane, faya-fayai masu launi. Don me muke kulle su a kabad? A kafa katako a bango a jera su. A kuma ajiye kujera 'yar tsugunno ko biyu, yaro ya zauna yana ɓare tafarnuwa, maigida ma ya shigo ya sha shayinsa.