Mudu Biyu a Majalisar Dattawan Amurka

A kasuwar hatsi babu wanda ake ƙyama kamar mai awo da mudu biyu, babba idan zai saya, ƙarami idan zai sayar. Yana iya tara dukiya, amma daga ranar da asirinsa ya tonu, ko da gaskiya ya auna babu mai yarda da shi. Irin awon da Majalisar Dattawan Amurka ta yi ke nan wajen tabbatar da alƙalan Kotun Ƙoli tsakanin 2016 da 2020, kuma a ganina cutar da ta yi wa kotun ta fi wadda ta yi wa mutumin da ta wulaƙanta.

Kundin tsarin mulkin Amurka ya raba aikin naɗa alƙalan tarayya gida biyu: shugaban ƙasa ya gabatar da suna, sanatoci su ba da shawara, su amince ko su ƙi. Hikimar a fili take. Alƙalin tarayya a can ba shi da wa'adi, yana kan kujerarsa har ya mutu ko ya sauka don kansa, sai fa idan an tsige shi. Mutumin da zai iya shekara talatin yana yanke hukunci a kan rayuwar jama'a ya wajaba a dube shi da idon basira, a bainar jama'a, kafin a miƙa masa wuƙa da nama.

Ranar 13 ga Fabrairu, 2016, Mai Shari'a Antonin Scalia ya rasu. Tun kafin a yi jana'izarsa, shugaban masu rinjaye a majalisar, Sanata Mitch McConnell na jam'iyyar Republican, ya ce ba za a cike gurbin ba sai an yi sabon shugaban ƙasa, wai don jama'a su sami ta cewa. A lokacin saura kusan wata tara a yi zaɓe. Ranar 16 ga Maris Shugaba Barack Obama ya gabatar da Merrick Garland, babban alƙalin kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya da ke Washington, wanda wannan majalisa ta taɓa tabbatarwa a 1997 da ƙuri'a 76. Kwamitin shari'a, ƙarƙashin Sanata Chuck Grassley, bai kira shi zaman tantancewa ba. Ba a tuhume shi da laifi ba, ba a ce bai cancanta ba, ba a kaɗa ƙuri'a ba. Haka sunansa ya kwana 293 a ajiye har wa'adinsa ya shuɗe. A tsawon wannan lokaci alƙalai takwas ke zama, har suka yi kunnen doki, huɗu da huɗu, a shari'ar da ta shafi makomar miliyoyin baƙin haure.

Sai ga 2020. Mai Shari'a Ruth Bader Ginsburg ta rasu ranar 18 ga Satumba, saura kwana 46 a yi zaɓe. Da a ce ƙa'idar 2016 ƙa'ida ce ta gaskiya, a nan ta fi dacewa. Amma mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi. Shugaba Donald Trump ya gabatar da Amy Coney Barrett ranar 26 ga Satumba, majalisa ta tabbatar da ita ranar 26 ga Oktoba da ƙuri'a 52 da 48, saura kwana takwas zaɓe, alhali miliyoyin Amurkawa sun riga sun jefa ƙuri'unsu. Jama'ar da aka ce dole a jira ta bakinsu wata tara, yanzu ba a iya jiransu mako guda ba.

Masu kare McConnell suna da hujja, kuma adalci ne a saurare ta. Sun ce a 2016 fadar shugaban ƙasa da majalisa suna hannun jam'iyyu daban-daban, a 2020 kuwa hannu ɗaya ke riƙe da su. Sun kuma tunatar cewa 'yan Democrat ne suka fara rushe katanga a 2013, lokacin da Sanata Harry Reid ya soke sharaɗin ƙuri'a 60 a kan alƙalan ƙananan kotunan tarayya, su kuma suka ƙarasa rushe ta a 2017 domin Neil Gorsuch. Gaskiya ne, babu mai tsabtar hannu a wannan rigima. Sai dai hujjar farko ita ce take kayar da su, domin fassararta a taƙaice ita ce: idan namu ne ya wuce, idan nasu ne ya tsaya. Wannan bayanin ƙarfi ne, babu ƙa'ida a cikinsa.

Ƙin amincewa haƙƙin majalisa ne. A 1987 ta saurari Robert Bork kwanaki, sannan ta kayar da shi da ƙuri'a 58 da 42. Ko mutum ya ga an zalunce shi, ya san wa ya ce a'a, ya san dalili, kuma kowane sanata ya koma mazaɓarsa ɗauke da alhakin ƙuri'arsa. Shirun da aka yi wa Garland gudun alhaki ne: an yanke hukunci ba tare da an sa hannu ba.

Asarar kuwa a kan kotu ta faɗa. An tabbatar da Scalia da ƙuri'a 98 babu ko ɗaya da ya ƙi, Ginsburg da 96, ga shi kuwa ra'ayinsu hannun riga ne. Barrett ba ta sami ƙuri'ar ɗan adawa ko guda ba. Kotu ba ta da soja, ba ta da baitulmali. Jarinta kawai shi ne wanda ya sha kaye ya yarda shari'a ce ta kayar da shi. Idan ya ga alƙali ya shigo ta ƙofar jam'iyya, da me za a shawo kansa?

Mu ma wannan magana ta shafe mu, domin daga Amurka Nijeriya ta aro tsarin shugaban ƙasa a 1979, kuma sashe na 231 na kundin 1999 ya ɗora wa Majalisar Dattawa tabbatar da alƙalan Kotun Ƙoli. Ciwonmu dai ya bambanta: a Disamban 2023 an tabbatar da alƙalai 11 a zama guda. Can an rufe ƙofa, nan an cire ƙyauren, amma duka biyun barin aiki ne.

Maganin ba ya buƙatar dogon tunani. A yanka wa'adi ɗaya a rubuce, wanda ba ya duba shekarar zaɓe ko jam'iyyar mai mulki. A saurari duk wanda aka gabatar a fili, a tambaye shi a kan hukunce-hukuncen da ya yanke, sannan kowane sanata ya kaɗa ƙuri'a da sunansa. Majalisar da ta kasa auna alƙali da mudu ɗaya, kada ta yi mamaki ranar da jama'a suka daina yarda da awon alƙalin.