Mu Duba Haƙoran Asusun Kafin Mu Zuba Kuɗinmu

Maganar da ta kawo mu ita ce ta wannan asusun ajiya da bashi da ke ta buɗe rassa a yankinmu, wanda ma'aikatansa suke bin mu Adumri, Ngong da Pitowa da takardun buɗe ajiya. Har wasu sun kawo shawarar a kwashe kuɗin ƙungiya kaf a kai can. To, mu dai ra'ayinmu shi ne a dakata tukuna.

Ba wai muna ƙin ajiya ba ne. Duk wanda ya taɓa ɗauko miliyoyin sefa a cikin riga ya bi hanyar Tuboro da fargabar 'yan fashi da masu satar mutane, ya san amfanin ya zuba kuɗi a nan ya karɓa a can. Amma wane ne a cikinmu yake sayen bijimi bai buɗe bakinsa ya ga haƙora ba, bai sa an kora shi ya ga tafiyarsa ba? To don me za mu yi cinikin biri a sama da dukiyar da muka tara shekara da shekaru?

Ai ba mu manta ba. A 2011 aka rufe COFINEST, wanda yake cikin manyan irin waɗannan asusai a Kamaru, bashin da bai dawo ba ya cinye shi, masu ajiya suka yi ta cirko-cirko a ƙofar rassansa. A 2012 FIFFA ya bi sahu. Dukkansu suna da ofis mai kyalli da ma'aikata masu fara'a. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Haƙori na farko, takardar izini. Ministan kuɗi ne yake ba da ita bayan amincewar COBAC, hukumar da ke sa ido a kan bankunan ƙasashenmu na CEMAC. Dokar 2002 ta kasa asusan nan gida uku: mai hulɗa da mambobinsa kaɗai, mai karɓar ajiyar kowa ya ba kowa bashi, da mai ba da bashi kawai ba ya karɓar ajiya. Dokar 2017 ta ɗaga jarin rukuni na biyu zuwa miliyan 300. Sai su nuna mana takardar, mu san a wane rukuni suke.

Na biyu, wa ake ba bashin? In manyan gidan da 'yan'uwansu ne suke ɗiba ba jingina ba mai tsaya musu, to kuɗinmu ne suke ci, kuma ba ma'aikacin da zai iya zuwa ƙofar maigidansa ya ce biya. Muna son mu ji cikin kowace ɗari da suka bayar nawa ne wa'adinsa ya wuce, kuma wane mai binciken lissafi na waje ne ya sa hannu a kai.

Na uku shi ne wanda ya fi damun mu. Suna alfahari wai yawancin masu cin bashinsu 'yan kara ne. Wallahi wannan abin tsoro ne, domin masifarmu tare take zuwa. A 2014 da Boko Haram suka shiga Mubi, ciniki ya tsaya wa kowa rana ɗaya. Daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 Nijeriya ta rufe iyakokinta. A 2023 naira ta faɗi, wanda ya sayi sa da sefa ya sayar da naira ya dawo da kuka. Dattawa kuma suna tuna bushiyar 1983. In irin wannan ta sake faɗowa, duk mu kasa biya lokaci guda, da me asusun zai biya masu ajiya? Makiyayi mai hankali ma raba garkensa yake yi, saboda in ciwon huhu ya shiga wannan ruga, waccan ta tsira. Asusun kirki sai ya raba bashinsa tsakanin mai shanu, mai auduga, mai albasa da mai kanti.

Na huɗu, kuɗi a hannu. Gab da Layya kowannenmu yana son nasa a mako guda. In sun zuba ajiyarmu a ginin sababbin rassa da bashi mai dogon wa'adi, ranar Alhamis ta Adumri za a ce mana "a dawo gobe", alhali saniya ba ta jiran gobe. Reshe goma ba mai duba su, ai ƙofa goma ce ta ɓarna.

Sai maganar riba. Ba mu yarda a canja wa kuɗin ruwa suna a ce mana halal ne ba. Tun 2022 CEMAC ta fitar da doka a kan hada-hadar kuɗi ta Musulunci, saboda haka su kawo yarjejeniyarsu a rubuce malamanmu su karanta.

Mu ma da namu laifin. Mun saba da cinikin baka da "Allah ya kai mu kasuwa mai zuwa", alhali ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, cikin Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Wanda ya ci bashin sayen shanu ya ƙara aure da shi, kuɗin marayu da zawarawa ya taɓa.

Shawararmu ga shugabanni: a tura mutum uku, da wanda ya iya Faransanci da lissafi, su kai waɗannan tambayoyi. In amsa ta gamsar, a fara da kaɗan, kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na kuɗin ƙungiya, a sake dubawa bayan Layya. In kuwa suka ce sirri ne, to mun ji amsarmu.

Allah ya tsare mana dukiyarmu, ya sa albarka a kara. Wassalam.