Almakashin Mai Tace Fim

Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma ilmin tace fim ya sa tilas a yi wa wannan karin magana gyara.

Fim ɗin sinima jerin hotuna ne, 24 cikin kowace daƙiƙa. A da, mai tacewa kan datse zaren fim da almakashi, ya liƙe da gam. Daga 1989, da na'urar Avid ta fito, aikin ya soma komawa kan kwamfuta. Yanzu ko ɗalibi na iya yanka bidiyo ya haɗa a wayarsa.

A wajajen 1920, Lev Kuleshov na Rasha ya haɗa fuskar wani ɗan wasa da kwanon miya, sa'an nan da akwatin gawa. 'Yan kallo suka ga yunwa a na farko, baƙin ciki a na biyu, alhali fuskar ɗaya ce. Haka nan, in an datse "ba" biyu daga "ba zan yarda ba", sai a ji mutum ya amince da abin da ya ƙi.

Saboda haka ya kamata malamai su sa ɗalibai su gwada yankan da hannunsu. Wanda ya san inda ɗinki yake, da wuya a ruɗe shi.