Kaset Ba Ya Shafe Kansa

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, masana ke tattara alƙaluma kan tafkin: hawa da saukar ruwa, yawan jiragen masunta, da nauyin karfasa da giwan ruwa da ake kaiwa kasuwar Yauri. Da irin wannan lissafi na shekaru masu yawa ne kawai za a gane ko kifi na raguwa, ko yaushe ambaliya kan ci gonakin Ngaski da Shanga. Abin da aka auna a 1995 kuwa ba ya sake aunuwa. In ya ɓace, ya tafi ke nan.

Ofisoshin da ke ajiye kwafin bayanai a kaset sukan wayi gari su tarar manhajar ajiya ta rubuta sabo a kan tsoho, sai a ce na'ura ta haukace. A ganina na'ura ba ta da laifi, umarni ta bi.

Ɗauki manhajar Bacula. Kowane kaset yana da wa'adi, wanda kwana 365 ne idan ba a sauya ba. In manhajar ta nemi wurin rubutu ta rasa, sai ta duba kaset ɗin da wa'adinsa ya cika, ta share rajistarsa, ta hau kansa. Akwai kuma tarko: ana liƙa wa kaset wa'adinsa ne ranar da aka yi masa rajista. Ma'aikacin da ya tsawaita wa'adi daga baya sababbin kaset kaɗai ya kare, tsofaffin na nan kan bakansu har sai ya sabunta su. Saboda haka mai bincike ya fara da duba wa'adin da ke kan kaset ɗin kansa, sannan agogon kwamfuta, sannan ko akwai isassun kaset marasa rubutu.

Ko manya ba su tsira ba. A 2009 hukumar NASA ta Amurka ta bayyana cewa alamu sun nuna an shafe asalin kaset ɗin saukar Apollo 11 a wata, aka sake amfani da su.

Yanke wa'adi ba aikin mai gyaran kwamfuta ba ne shi kaɗai. Masanin kifi da masanin ruwa su ya kamata su ce wane bayani zai zauna shekara guda, wane kuma ba a taɓa shi har abada. Na biyun a tura maɓallin hana rubutu da ke jikinsa, a fitar da shi daga na'ura, a ajiye kwafi a wani gari. Kuɗin sabon kaset bai kai na shekara guda ta tarihin tafki ba.